Mai Baki da Mai Hannu

Kazaure, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Musaddiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka Alhaji Maikasuwa da sauran 'yan shago. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Umma, in ta tashi da safe sai ta dafa bango.

Tunda ka sayar da babbar wayarka, ƙaramar kuma ba ka ɗauka in ka ga lambata, to na koma irin ta mutanen da. Sama'ilu direba zan ba wa wannan takarda, na ce masa kada ya bar Babura sai ya ga ka buɗe ta a gabansa. Shi ne kuma ya tsegunta mini abin da kake shiryawa, don haka kada ka wahalar da kanka da musu. Ya ce ka gama magana da masu kai mutane Agadas, daga can a bi sahara zuwa Aljeriya. Umma ba ta sani ba. Ni kuwa tun da na ji, abinci ba ya shiga cikina.

Ga dalilin wasiƙar. Wani kamfani a Kano da ke yi wa asibitoci manhaja yana neman masu gwaji a wajen birni. Na tura musu rahotannin da muke rubutawa a zamanmu na Asabar, suka ce sun ga alamar muna da ido. Za su gwada mu Asabar mai zuwa. Za su turo mana manhajar da suka ɓoye kurakurai a ciki da gangan, wata ma'aikaciyarsu ta riƙa kallonmu ta bidiyo muna nema. In mun ci, aiki ne na dindindin ga dukkanmu. Na sa sunanka a cikin 'yan ƙungiya. Ko daga Babura za ka iya yi, ba sai ka dawo gida ba in ba ka so.

Zaman yana nan yadda ka bar shi, a ɗakin zauren Kawu Muhammadu Lawal, da kwamfutarsa ɗaya da fankarsa mai kuka. Har yanzu mai hannu shi ke zama a gaban kwamfuta, ba ya taɓa komai da ra'ayin kansa, mai baki yana tsaye a bayansa yana ba shi umarni, sauran muna kallo muna rubuta abin da ya karye. In agogon waya ya yi ƙara sai a juya. Shahida tana zuwa daga Gwiwa ko da ruwa ake yi, Zaharadeen kuma daga Roni a kan babur ɗinsa da ba ya tashi sai an tura. Makon jiya muna gwada wata manhajar rajistar shanu, Zaharadeen yana mai baki, ya sa Shahida ta rubuta ranar mutuwar saniya kafin ranar haihuwarta. Manhajar ta karɓa, har da cewa an yi nasara. Mun yi dariya har Shahida ta riƙe ciki. Wallahi yaron nan yana da kai, abin da ba zai taɓa zo wa mutum a rai ba shi yake fara gwadawa.

Abu ɗaya nake roƙonka, don darajar iyayenmu. Ka dakata sai an yi gwajin nan. In mun faɗi, ba zan ce maka komai ba. In mun ci, ka mayar wa mutanen nan maganarsu.

Ka gaida Alhaji. Ka huta lafiya.

Ni ce yayarka,
Nafisat

*

Babura, ranar Talata

Yaya Nafi,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda. Sama'ilu ya tsaya a kaina kamar ɗan sanda har na karanta, fasinjojinsa suna zaginsa a mota. Ki gaya masa bakinsa ya fi motarsa gudu.

Ba zan yi musu ba, gaskiya ya faɗa. Yaya, na gaji. Na yi difloma a kan kwamfuta, yau ga ni ina ɗora wa mutanen Nijar buhunan taliya a kan akori-kura. Abokin da muka gama tare yana can Aljeriya yana gyaran waya, ya ce in zo akwai wuri. Na san hanyar ba ta da kyau. Nan ɗin ma ai ba hanya ba ce.

Amma zan jira Asabar ɗin taki, na yi miki alkawari. Sai dai bari in tambaye ki abin da kika tsallake a wasiƙarki: Kawu zai zauna a gwajin?

Kin san abin da nake nufi. Kawu mutumin kirki ne, shi ya ba mu ɗaki da kwamfuta da sola, ban manta ba. Amma tun da yake ba a taɓa ba shi umarni ya bi ba. Shekara da shekaru yana shugaban masu buga takardu a sakatariya, shi ke cewa a goge a sake. In ya zama mai hannu sai ya danna abin da ya ga dama, ya ce, "Wannan shafin lafiya lau, mu wuce." Kowa ya yi shiru. Ke kanki in kina mai bakinsa, ba umarni kike bayarwa ba, lallami kike yi: "Kawu, ko za a ɗan taɓa can?" Ana gwajin manhaja da ko za a ɗan?

Ni kaɗai na taɓa ce masa, "Kawu, ba haka ba ne, ka koma baya." Kin ga abin da ya biyo baya. Shi bai ce komai ba, amma labari ya kai wa Umma kafin in isa gida. Ta ce na tozarta yayanta a gaban bare. Ta sa na je na durƙusa a ƙofar ɗakinsa na ba da haƙuri, ta kuma sa na rantse ba zan ƙara ba. Ke kina tsaye kina kallon ƙasa. Shi ya sa na tattara na taho nan, ba don son taliya ba.

Sannan na ji an sa ranar Zaharadeen da Zubaidar Kawu. Allah ya sanya alheri. To gwanin naku ya zama suruki ke nan. Mutumin da yanzu ko ruwa ba zai iya sha a gaban Kawu ba, shi ne zai tsaya a bayansa ya ce danna nan, goge can? Na san dabararki, ke kike tsara layi yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. Mutanen Kano ba su san da wannan ba.

Ki gaya wa Kawu ya zauna a cikin gida ranar. Ki faɗa masa a fili, da Hausar da kowa ke ji. In kin iya wannan, kun ci. In ba ki iya ba, ki fara neman abin da za ki ce wa Umma.

Ki shafa mata man zafi a ƙafar, kada ki ce daga wurina shawarar ta fito.

Ƙanenki,
Musaddiƙ

*

Kazaure, ranar Alhamis

Zuwa ga Kawu, Malam Muhammadu Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ladabi da biyayya. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da nisan kwana, ya saka masa da alheri a kan ɗawainiyar da yake yi da mu.

Kawu ya gafarce ni da na rubuto maimakon in zo da kaina. Na zo jiya na tarar da baƙi, na koma. Na ga kuma maganar za ta fi mini sauƙi a rubuce.

Game da gwajin jibi ne. An ce mana za a daɗe a zaune, tun daga hantsi har bayan azahar, babu tashi. Ga zafin da ake yi, ga ciwon bayan Kawu da likita ya ce a daina dogon zama. Shi ne muka ce ko Kawu zai huta a cikin gida ranar, ya taimaka mana da addu'a, mu yara mu yi wahalar. Duk abin da aka yi zan shigo in ba da labari dalla-dalla.

Wannan shawara ce kawai. Duk yadda Kawu ya gani shi ne daidai.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Nafisat

*

Kazaure, ranar Juma'a

Zuwa ga 'yata Nafisatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na samu takardarki ta hannun Zubaida, na karanta, na kuma gode. Allah ya yi miki albarka. A wannan zamani samun yaro mai tunanin bayan tsoho sai an tona.

Game da batun hutu, ki kwantar da hankalinki. Na sa an ɗinka mini matashi na jingina, na kuma karɓo magani. Ba zai yiwu a ce ranar da za a auna ku, ni in kwanta a ɗaki kamar wanda ba ruwansa ba. Tare muka fara, tare za mu tsaya a gaban mutanen Kano. Kuma yana da kyau su ga akwai babba a cikin tafiyar, kada su ɗauka taron yara ne.

Zan gaya miki wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da na ajiye aiki, sannan Allah ya ɗauke uwar Zubaida, kwanakin mako duk sun zame mini iri ɗaya, ban da Asabar. Ranar Juma'a da yamma nake share ɗakin da kaina, ba na bari yara su taɓa. In na ji ƙarar babur ɗin yaron nan na Roni a ƙofar gida, sai in ji ni ma ina da inda ake jirana. Na yi aiki da tafireta, na yi da kwamfuta, yanzu ga shi a tsufana ina koyon gwajin manhaja, kuma a ganina ban yi baya ba. Ke ce sanadi.

Na sa a dafa shinkafa da wake saboda masu zuwa daga nesa. Ki zo da wuri mu gwada bidiyon.

Wassalam.

Kawunki,
Muhammadu Lawal

*

Kazaure, ranar Litinin

Musaddiƙ,

Salam. Ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri.

Mun faɗi. Sakamako ya zo yau da safe.

Na rubuta wa Kawu kamar yadda ka ce, sai dai ban faɗa da Hausar da kowa ke ji ba. Na fake da ciwon bayansa. Amsar da ya aiko mini, da ka karanta ta, kai ma ba za ka iya cewa komai ba. Ka zage ni in kana so.

Ranar ya sa babbar riga da hula sabuwa. Ma'aikaciyar kamfanin, Malama Aishatu, ta fito a bidiyo, mace mai fara'a. Manhajar ta lissafin maganin yara ce: a sa nauyin yaro, a zaɓi magani, ta faɗi yawan da za a ba shi. Na ɗauko layin da na tsara, sai ta ce a'a, ita za ta riƙa kiran sunaye yadda ta ga dama, don ta ga ko kowa zai iya aiki da kowa. Na mayar da takardar layin na ajiye.

Da farko abin ya yi kyau. Ni da Shahida muka kamo kurakurai masu ɗan dama. Malama Aishatu har tana gyaɗa kai. Sai agogo ya yi ƙara, ta ce, "Baba Muhammadu, mai hannu. Zaharadeen, mai baki."

Zaharadeen ya tashi kamar wanda aka kira gaban alƙali. Bai iya tsayawa a bayan Kawu ba, ai ka san ba zai tsaya a kansa ba. Sai ya durƙusa a gefen kujera, daga inda ko allon ba ya gani sosai. Kawu ya gyara zama, ya sa nauyin babban yaro, ya zaɓi magani, lissafi ya fito. Ya mayar da nauyin na jariri, ya dubi allo, ya ce, "To, ya karɓa. Wannan shafin lafiya lau, mu wuce."

Malama Aishatu ta ce, "Baba, mai baki ne zai faɗi abin da za a yi. Zaharadeen, muna jinka."

Fanka kawai ke kuka. Gumi ya keto masa har yana ɗiga a tabarma.

Ta sake cewa, "Ka ga wani abu a shafin nan?"

Ya buɗe baki, ya dubi ƙafar Kawu, ya ce, "Yadda Baba ya ce."

Musaddiƙ, nauyin ya canza amma yawan maganin bai canza ba. Jariri aka rubuta wa maganin babban yaro. Wannan shi ne babban kuskuren da suka ɓoye, sauran duk ƙanana ne. Ni ma na gani. Shahida ma ta gani, ta taka mini ƙafa. Doka ta ba masu kallo damar ɗaga hannu. Ban ɗaga ba, ina ta cewa a raina bari Zaharadeen ya fara. Shi kuma yana jiran in cece shi. A haka agogo ya yi ƙara.

Da aka tashi na same shi a waje yana tura babur, idonsa jajir. Ya ce, "Anti, tun kafin ya ɗaga hannu daga kwamfutar na gani. Amma in ce masa ya koma baya, a gaban baƙuwa? Da wane ido zan shiga gidan nan gobe?" Ko shinkafar bai ci ba.

Malama Aishatu ta kira ni da kanta. Ta ce ta kalli fuskokinmu, ta san mun gani, kuma abin da ya sa ba za su ɗauke mu ba ke nan. Ta ce da rashin sani ne da sun koya mana, amma ba za su iya sa maganin yara a hannun mutanen da za su ga kuskure su yi shiru ba. Na ce a ba mu dama ta biyu. Ta ce sun riga sun ba wasu 'yan Dutse.

Shahida ta ce ba za ta ƙara biyo hanyar Gwiwa saboda wannan ba. Zaharadeen ya kashe waya. Kawu yana ta tambayata me ya faru, na ce masa netwok ne ya riƙa yankewa ba su gan mu da kyau ba.

Na ce in mun faɗi ba zan ce maka komai ba. Na karya alkawari. Kada ka tafi. Ba ni da wani aiki da zan nuna maka, ba ni da wata Asabar da zan ce ka jira. Tsoro kawai nake ji, kuma ba ni da wani ƙane sai kai.

Yayarka,
Nafisat

*

Kazaure, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗana Musaddiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka isar da gaisuwata ga Alhaji Maikasuwa.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Jiya Asabar na buɗe ɗaki na kunna kwamfuta, har la'asar babu wanda ya zo. Yayarka ta aiko cewa ba ta jin daɗi. Yaron nan na Roni, in ya hango ni a hanya sai ya canza layi.

Na tambayi Nafisatu dalilin faɗuwarmu, ta ce netwok. Na tambayi yarinyar Gwiwa ta waya, ta ce netwok. Amma ni ina wurin, ban ga hoton matar nan ya tsaya ko sau ɗaya ba. Na tsufa, amma ban makance ba. Akwai abin da ake ɓoye mini, kuma zuciyata tana raya mini cewa ni ne.

A duk cikinku kai kaɗai ka taɓa duban idona ka ce mini ba haka ba ne. Shi ya sa na zo gare ka. Na san yayarka ba ta ɓoye maka komai. Ka gaya mini gaskiya: ni na jawo?

In ni ne, ka faɗa kawai, ba zan gaya wa mahaifiyarka ba. Zan ba ka mabuɗin ɗakin da kwamfutar, in koma cikin gida, ku tara yaran ku sake farawa ba tare da ni ba. Kamfani ai ba ɗaya ba ne. Sama'ilu ya gaya mini inda kake shirin zuwa. Ɗana, na yi wa yara biyu na unguwar nan sallar da babu gawa saboda wannan hanya. Kada ka sa in yi ta uku.

Ina jiran amsarka, kowace iri ce.

Kawunka,
Muhammadu Lawal

*

Babura, ranar Laraba

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ladabi. Allah ya ƙara girma.

Na karanta takardar Kawu. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga.

Ba Kawu ba ne. Netwok ne, kamar yadda aka faɗa. Kawu ya kwantar da hankalinsa, ya riƙe mabuɗinsa.

Motarmu za ta tashi yau bayan azahar. Ina roƙon Kawu ya yafe mini, ya sa mini albarka, ya kuma je da kansa ya gaya wa Umma, don Yaya Nafisat ba za ta iya ba.

Ɗanka,
Musaddiƙ